Garin da Na Rubuta a Fom

Har yau idan aka miƙo mini fom in cika, ko na asibiti ne, sai gabana ya faɗi kafin in kai layin da ake tambayar mutum garinsu. Matata dariya take yi mini, wai ƙato da furfura yana tsoron takarda. Ban taɓa zama na ba ta labarin daga tushe ba, don duk lokacin da na ɗauko shi sai raina ya ɓaci in ajiye. Wataƙila a rubuce zan iya kai shi ƙarshe.

A Nima aka haife ni, wata unguwa a Accra ta ƙasar Ghana, a wani gidan haya mai ɗaki tara, ba nisa da babbar kwatar nan da kowa ya sani. Mahaifina gyaran agogo yake yi a bakin titi, da ɗan teburinsa mai gilashi da madubin ido ɗaya da yake maƙalawa idan zai leƙa cikin agogo. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Amma da can Baba ba mai gyaran agogo ba ne. Shago gare shi, cike da sabulu da sukari da kananzir. Ina ɗan shekara bakwai gwamnati ta ba baƙi marasa takarda wa'adi su bar ƙasar, Zango, wato unguwanninmu na jikokin baƙi, ya hautsine. Na tuna manyan motoci, na tuna gadaje da tukwane zube a bakin hanya ana neman mai saye, na tuna maƙwabcinmu yana kuka riƙe da ƙofar ɗakin da ya gina da hannunsa. Baba a ƙasar nan aka haife shi, amma ba shi da ko guntuwar takardar da za ta shaida haka. Ya rabu da shagon a wulaƙance, ya sayo akwatin ƙarfe, ya shirya kayanmu a ciki, ya zauna jiran a zo a ce mu fita. Ba wanda ya zo. Ƙura ta lafa, wasu ma suka dawo, amma akwatin nan bai sake buɗuwa ba. Ya tura shi ƙarƙashin gado, ya je ya koyi gyaran agogo yana da shekara arba'in.

Tun daga nan Baba ya samu ma'auninsa na sana'a, kuma duk unguwa an san shi da shi. Idan wani ya kawo ɗansa neman shawara, sai Baba ya tambaya, “Sana'ar tana shiga akwati?” Tela ya wuce, don kan keken ɗinki yana shiga. Wanzami ya wuce. Mai gyaran rediyo ya wuce da ƙyar. Malamin boko kuwa ya faɗi, don allon na gwamnati ne, ajin ma nata ne. Mai shago kada ma a kawo zancensa. Samari suna tsokanarsa daga nesa, suna cewa, “Baba, sayar da ruwan sanyi yana shiga akwati?” Ba ya kula su. Shi dai ya san abin da idonsa ya gani.

Duk da haka ya bar ni na yi boko har sakandare, saboda Mma ta tsaya kai da fata. Da safe in tafi makaranta, da yamma in je ta allo, tsakaninsu kuma in kai wa mutane agogunansu da aka gyara. Wannan aiken ne ya jawo komai. Gidajen Nima ba lamba, lungu yana haifar lungu, wani ma sai ka bi ta tsakar gidan mutane ka yi musu sallama kafin ka fita ɗaya gefen. Don kada in ɓata sai na fara ƙirga taku. Daga teburin Baba zuwa famfo taku kaza, daga famfo ka karya hagu zuwa gidan mai waina taku kaza. Ina dawowa in zana a bayan littafina. A hankali zanen ya cika shafi, na liƙa masa wani, na ƙara wani, har ya kai unguwar Maamobi ta wannan gefe, ya taɓo gidajen Kanda ta wancan. Ban ɗauke shi komai ba, abin kashe lokaci ne kawai.

A shekararmu ta ƙarshe aka ɗora wa malamarmu ta labarin ƙasa aikin ba mu shawara kan abin da za mu yi bayan makaranta. Madam muke ce mata. Gajeriya ce, 'yar yankin Volta, murya kamar ta mutum biyu, kuma ba ta rabuwa da baƙar lema ko da rana ko da ruwa. Kowace Laraba sai ta kafa kujera a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Yaran ajinmu kowa likita ne ko lauya. Akwai wanda bai taɓa wuce kashi talatin a lissafi ba, ya ce shi matuƙin jirgin sama zai zama, muka ji ta daga aji tana ce masa ya sanar da ita ranar tashinsa don ta hau mota.

Da layi ya zo kaina na ce mata akawun banki nake so. Ƙarya ce, na ga dai suna sa farar riga ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ba ta tambaye ni rigar da nake so ba. Da Turanci take magana, amma ga abin da ta ce: “Faɗa mini abin da kake yi idan ba wanda ya sa ka, kuma ba wanda zai duba.” Sai ta jawo littafina daga ƙarƙashin lemarta, ashe tun makon jiya ta riƙe shi, ta warware shafukan nan da na liƙa a kan cinyarta. Kunya ta rufe ni, na ɗauka faɗa zan sha.

Ta ce, “Wa ya koya maka?”

Na ce ba kowa.

Ta sa yatsa a kan kwatar, ta bi ta har inda ta lanƙwasa, ta tambaye ni yadda na san tsawon. Na ce taku nake ƙirgawa. Sai ta ce akwai mutanen da wannan ne aikinsu, safiyo, masu awon ƙasa, kuma ana biyan su a kai. Wallahi har ranar ban san haka ba. Na sha ganin masu na'ura mai ƙafa uku a bakin titi, na ɗauka hoto suke ɗauka. Ta ce akwai wata makaranta da ke ɗaukar yara kaɗan duk shekara ta horar da su kyauta, idan sun gama su fito da lasisi. Ta ce in ƙara ƙoƙari a lissafi, in daina ɓata lokaci a kan adabin Turanci tunda ni da shi ba ma ga maciji, in kuma je in tsaya kusa da masu awon nan in ga ko zan iya jure rana. Duk na yi. A watannin nan na zama wani mutum daban, ko tafiya nake yi ji nake kamar ƙasar tana jirana in auna ta.

Ranar da ta kawo mini fom ɗin, ta ce in fara cikawa da fensir. Ta bi layukan da ni ɗaya-ɗaya, da ta zo kan wanda ake tambayar gari sai ta danne shi da farce.

“Nan Accra za ka rubuta. Ka ji ni? Ku yaran Zango, wannan layin ya riga ya cinye mini mutum biyu.”

Abin ya ɗan sosa mini rai, don a wurinmu Accra garin ƙabilar Ga ne. Na ce, “Madam, mu ai ba Ga ba ne.”

Ta ce, “Ban ce kai Ga ba ne. Ina aka binne cibiyarka?”

Na ce a bayan ɗakinmu, a Nima.

“To, magana ta ƙare.”

A wurinta ta ƙare. Wanda bai tashi a Zango ba ba zai gane nauyin abin ba. Mu idan aka tambayi mutum ɗan ina ne, garin kakansa yake faɗa, ko da bai taɓa taka shi ba, ko da bai san ta inda rana take fitowa a can ba. Wannan Bakano ne, wancan Bazabarme, wancan Basakkwace, alhali dukansu a lungu ɗaya aka yanke musu cibiya. Wanda ya ce shi ɗan Nima ne kawai, kallon marar asali ake yi masa, ko aure ya je nema sai an yi ta ƙus-ƙus. Mu namu wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, inda kakana ya taso da jakuna yana fataucin goro. Ni ban san shi ba, Baba ma bai san shi ba, amma tun kafin in iya ƙirga goma na iya faɗin sunansa. Duk da haka na bi maganar Madam, na rubuta Accra da fensir, na naɗe fom ɗin na kai gida.

Dole uba ya sa hannu a ƙasa. Baba ba ya karanta boko, da ajami yake rubuta sunansa, kuma tun zamanin korar nan ba ya sa hannu a takarda sai an karanta masa ita layi-layi an fassara. Na san inda rigimar za ta ɓullo, ko kuwa na ɗauka na sani. Kwana uku ina shirya amsar tambayar akwati. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, shi a kan buzunsa da wani agogo a buɗe a gabansa, Mma a gefe tana surfen waken ƙosan gobe. Na yi masa bayanin aikin.

Ya ce, “Ƙasa za ka auna? Ƙasar wa?”

Na ce ta duk wanda ya kira ni.

“To, tana shiga akwati?”

Na ce, “Baba, ƙasar ba ta shiga, amma kayan awon suna shiga, har da akwatinsu ake sayar da su. Kuma duk inda aka kora mutum, ƙasa zai tarar. Ko Katsina muka koma, suna da filayen da suke faɗa a kansu.”

Baba ya yi dariya har ya cire madubin idonsa yana share hawaye. Ya ce da Mma, “Kin ji ɗanki, ya zama lauya tun bai je ba.” Ya ce sana'a ta wuce. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, na ga kamar an gama. Sai ya ce in karanto sauran.

Na karanta suna, ya gyaɗa kai. Na karanta shekaru, na karanta sunan uba da sana'arsa. Na zo kan layin. Da na ga dama da na faɗi sunan ƙauyen da baki na wuce, ba yadda za a yi ya sani, kuma na yi wannan tunanin sau dubu daga baya. Amma ban saba yi masa ƙarya a ido ba, kuma daɗin dariyar nan bai sake ni ba. Na ce, “Garinku: Accra.”

Ya ce, “Sake karantawa.”

Na sake. Mma ta dakata da surfen.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya mai da murfin agogon a hankali, ya ce, “Ubana da ƙafa ya tako daga garin nan. Ya mutu yana kiran sunansa. Ni ban ga garin ba, amma ban yar da shi ba, shi kaɗai ya bar mini. Kai kuma ka share shi da fensir.”

Mma ta ce, da irin Hausarta ta 'yan Accra, “Malam, ka bar yaro ya sa abin da Madam ya ce. Madam ya san fom, mu ba mu san shi ba. Takarda ne kawai, ba wai ya canza jini ba.”

Baba ya ce, “Ai ban hana ba.” Ya miƙo hannu. “Kawo alƙalamin in sa hannu. Zamaninku ne.”

Wannan shi ne abin da nake so a fahimta, don na daɗe ina ɗora masa laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Bai tilasta mini ba. Hannunsa yana miƙe yana jiran alƙalami, idonsa a ƙasa, sai na ga ya tsufa a gabana cikin minti ɗaya. Na kasa. Na ɗauki abin gogewa na goge Accra, na rubuta sunan ƙauyen, na ƙara da Katsina, na bi kansa da tawada don kada in sake tunani. Na karanta masa. Ya sa hannu kawai, amma da zai tafi masallaci ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarami. Na ji ni ɗa ne na gari. Washegari na liƙe ambulan na kai ofishin makaranta da kaina, na bi ta bayan aji don kada in haɗu da Madam. Da ta tambaye ni daga baya ko na rubuta abin da ta ce, na ce e. Ita na iya yi mata ƙaryar.

Na ci jarrabawar shiga, har sunana ya fito a sama-sama. Aka kira mu ganawa. Na ari farar riga wajen wani ɗan gidanmu, na naɗe taswirata ta Nima na tafi da ita kamar yadda Madam ta ce. Mutum uku ne a bayan tebur. Suka shimfiɗa taswirar, har ɗayansu ya tashi tsaye yana nema mini inda ya taɓa ɓata a Maamobi, ya same shi, suka yi dariya. Sai dattijon da ke tsakiya ya juya fom ɗina, ya kai shi kusa da ido.

“Katsina. A wane yanki take a Ghana?”

Na ce ba a Ghana take ba, garin kakana ne.

Ya ce guraben na 'yan ƙasa ne. Na ce ni a nan aka haife ni, ubana ma haka, uwata ma haka. Ya ce ya yarda, amma abin da na rubuta da hannuna ya ce wani abu daban, kuma shi takarda zai kai gaba, ba bakina ba. Ba zan ce ya zalunce ni ba, har ma ya yi mini sassauci. Ya ce in kawo shaidar cewa an haifi mahaifina a ƙasar nan kafin ƙarshen wata, za su riƙe mini gurbin. Tunda ba takardar haihuwa, hanya ɗaya ce: Baba ya je ofis da kansa ya yi rantsuwa a gaban jami'i, a rubuta, a buga hatimi.

Na koma makaranta na faɗa wa Madam. Na shirya wa ihu, amma ba ta yi ba. Ta dube ni kawai ta ce, “Me ya hana ka nuna mini?” Ranar Asabar sai ga ta a Nima da lemarta, tana tsallake kwatoci, yara na biye da ita. Baba ya ba ta kujerarsa, ya aika aka sayo mata lemo, ni na tsaya a tsakani ina fassara. Ta ce masa abin ba zai ɗauki awa ɗaya ba, ba wanda zai kama shi, zamanin nan ya wuce. Ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta ga yaron da aikinsa ya same shi tun kafin ya neme shi kamar ni ba. Wannan ban fassara shi duka ba, kunya ta hana ni. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi mata godiya, ya ce in Allah ya so zai je.

Ya kuwa shirya. Ranar Litinin da hantsi ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa cikin gari. Tun a mota na lura bakinsa yana motsi. Muka sauka, ofishin yana tsallaken titi, da ɗan sanda a bakin ƙofa yana duba masu shiga. Baba ya tsaya. Motoci suka wuce, hanya ta buɗe, bai motsa ba. Na ce, “Baba, mu tsallaka.” Ya ce to. Hanya ta sake buɗewa. Na dubi hannunsa, hannun da yake ɗaukar ƙusar agogo wadda ido ba ya gani sosai, na ga ya damƙe gefen rigarsa gam.

Ya ce, “Idan na shiga suka rubuta sunana, suka ce ina shaida, na ce babu fa? Yanzu ba su san da ni ba. In na kai kaina, na kai ku duka.”

Na ce ai shaidar za a ba shi. Na roƙe shi, na yi masa magiya, har na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba. Mun fi awa a wurin, mai sayar da rake ma ya gaji da kallonmu. Daga ƙarshe ya ce, “Ba zan iya ba. Ka yafe mini.” Ya juya ya nufi tasha.

Ban yafe ba, gaskiya ke nan. A trotro na zauna nesa da shi. Mma ta yi kuka, ta sa limaminmu ya yi masa magana, ya sake cewa zai je, bai je ba. Wata ya ƙare, aka ba wani gurbin. Shekarar da ta biyo baya aka ce sunana yana nan da tambaya a kansa, sai da takardar. Na yi wata shida ba na ce wa Baba komai sai gaisuwa. Madam kuwa na daina bin hanyar da zan gan ta, har na ji an yi mata canjin wurin aiki. Ban yi mata sallama ba, ban gode mata ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke ci mini rai har yanzu.

Awon ƙasa dai na yi shi, amma ta ƙofar baya. Wani safiyo mai zaman kansa ya ɗauke ni riƙon sanda, wato ni ne mai tsayawa a rana da sandar nan mai ja da fari yana leƙo ni ta na'ura. A hankali ya bar mini na'urar, ya bar mini lissafin, ya bar mini zanen. Shekara goma sha biyar ina zana taswirar filayen mutane, shi yana buga hatiminsa a ƙasa. Yaran da aka ɗauka a shekarar da aka bar ni sukan zo wajena in duba musu lissafi, sannan su hau motocinsu su tafi. Yanzu idan 'yan makarantar unguwa suka zo neman shawara, nakan maimaita musu tambayar Madam, in kuma ce duk fom ɗin da za su cika su nuna wa wanda ya san fom kafin su liƙe. Sukan ga kamar ƙaramar shawara ce, ba na yi musu gardama.

A tsakiyar shekarun casa'in Mma ta rasu. Kafin nan mun koma wani ɗan gida mai ɗaki uku a Maamobi da ta gada wajen mahaifinta. Maƙwabci ya fara tura katangarsa cikin namu, aka ce sai an yi wa gidan takarda da sunan Baba, kuma a lokacin ana iya aika fom ba sai mutum ya je da kansa ba. Wata Asabar da safe na aro kayan aiki na zo na auna. Baba ya tsufa, idonsa ya daina ganin cikin agogo, amma ya nace sai ya taya ni. Na zaunar da shi a kujera a kusurwar katanga na ba shi bakin tef ya riƙe. Ranar ce ya fara ganina ina aiki. Da na gama zanen na kawo masa, ya ɗauko tsohon madubinsa ya maƙala, ya bi layukan ɗaya-ɗaya, ya gane ɗakinsa, ya gane wurin murhun Mma.

Ya ce, “Kai ka yi wannan? To sa hannu mana.”

Na ce, “Ba ni da izini, Baba. Sai maigidana ya buga hatiminsa.”

Ya cire madubin. Sannan ya ce in karanto fom ɗin. Na zauna a gabansa kamar wancan karon, na karanta suna, na karanta shekaru, na karanta sana'a. Da na zo kan layin ban ma tsaya ba, na ce “Garinku,” na ɗora alƙalami zan rubuta sunan ƙauyen.

Ya ce, “Tsaya. Rubuta Nima.”

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, “Uwarka a nan take kwance. Can ɗin wa ya san ni?”

Na so in yi ihu, in tambaye shi ina wannan maganar take shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da kalma ɗaya daga bakinsa za ta ishe ni. Amma na tuna wanda ya riƙe abin gogewa a ranar, ba shi ba ne. Na sunkuya na rubuta Nima.

Da takardar ta fito bayan wasu watanni, ya ce in jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, nan ne ba za ta ɓata ba. Sai da na sa guduma kafin kwaɗon ya buɗe. A sama-sama akwai 'yar rigata ta ɗan shekara bakwai, a ninke yadda Mma ta ninke ta. Na ɗora takardar gidan a kanta, zanena da hatimin wani a ƙasa, na rufe akwatin na mai da shi inda yake.